Karatun Rani a Ƙasar Tasawa

Babi na uku na littafin Mai Hadishi, wanda wasu fassarorin Littafi Mai Tsarki na Hausa suke kira Mai Wa'azi, yana cikin wuraren da Kiristocin ƙasar Hausa suka fi karantawa a wajen jana'iza da kuma daren shiga sabuwar shekara, domin a cikinsa ne marubucin ya jera al'amuran rayuwa bibbiyu, kowanne tare da kishiyarsa, ya nuna cewa kowannensu yana da lokacin da aka yanka masa. Mai karatun da ya tashi a ƙasar Tasawa ko ta Mayahi, a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane inda maganar ta dosa, saboda shekarar da yake rayuwa a cikinta a rabe take tun kafin a haife shi. Akwai bazara, wato tsananin zafin da yake share wa ruwan farko hanya, lokacin sassabe da kai taki gona. Akwai damina, wadda takan kama daga wajen Yuni zuwa Satumba, da shukarta da noman farko da maimai. Akwai kaka, lokacin da ake girbe hatsi a ɗaure dammuna a cika rumbu. Daga nan sai hunturu da dogon ranin da yake cinye fiye da rabin shekara. Kiristocin Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba, kuma a wannan yanki sukan kasance gidaje ƙalilan a tsakiyar maƙwabta Musulmi, amma gona ɗaya suke nomawa da maƙwabtan nasu, sama ɗaya suke dubawa idan hadari ya haɗu, saboda haka tunaninsu a kan lokutan rayuwa daga wannan ƙasa mai yashi yake tsirowa.

Akwai wani wa'azi mai sauƙi da ake yawan ginawa a kan wannan babi, inda ake cewa ƙuruciya shuka ce, shekarun ƙarfi noma ne, tsufa kuwa girbi, kuma wanda ya shuka alheri da wuri zai huta da yamma. Wa'azin yana da daɗin ji, amma manomin da ke bakin Gulbin Kaba ya san cewa al'amarin bai cika tafiya a jere haka ba. Ya san shekarar da ruwan farko ya yaudare shi ya zuba iri, sannan sama ta bushe mako uku har shukar ta ƙone, ya sake shuka ta biyu da ta uku da irin da ya ciwo bashi. Ya san shekarar da hatsi ya fitar da kai kowa ya fara murna, sai fara ta sauka. Dattawan yankin ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda mutane suka laƙaba wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, kuma waɗanda suka fi su ƙuruciya suna tune da 2005, lokacin da fari da farar shekarar da ta gabata suka cika cibiyoyin kula da yara masu tamowa a jihar Maraɗi. Wanda ya ga irin waɗannan shekaru, idan aka ce masa kowane mai ƙwazo yana girbi a kan kari, zai yi shiru ne don ladabi kawai. Abin da ya sa littafin Mai Hadishi ya cancanci a riƙe shi da hannu biyu shi ne cewa marubucinsa bai yi wannan alkawari ba. A cikin babin nan na uku ya yarda cewa ɗan'adam ba ya iya gano aikin Allah daga farkonsa zuwa ƙarshensa, kuma a babi na goma sha ɗaya ya ba da shawarar a yi ta shuka safe da yamma, dalilinsa kuwa shi ne ba wanda ya san wadda za ta yi albarka. Wannan shawara ce ta mutumin da ya san asara.

Rayuwar mutum ma takan zo da lokutanta a birkice. Wata takan yi takaba tana da shekara ashirin da biyar, wani yakan binne ɗansa na fari kafin ya binne mahaifinsa, wani kuma sai ya tsufa sannan ya sami abin da ya nema tun yana saurayi. Gawo, itacen da manoman yankin suke bari a tsakiyar gona, yana kaɗe ganyensa da damina lokacin da kowane tsiro yake kore, ya kuma yi ganye shar da rani lokacin da daji ya bushe, kuma saboda wannan saɓani nasa ne hatsin da ke ƙarƙashinsa yake samun rana da taki, dabbobi kuma suke samun inuwa da 'ya'yan da za su ci a watannin wahala. A cikin kowace majami'a akwai masu irin wannan hali, waɗanda lokacin farin cikin jama'a yake zama musu lokacin baƙin ciki, kuma ikkilisiyar da ta san aikinta ba ta matsa musu su yi kore don kowa ya yi.

Rani a ƙasar Hausa lokacin karatu ne, kuma haka yake tun kafin zuwan Turawa. Idan an gama kaka aikin gona ya ɗaga, malaman allo sukan ɗebi almajiransu su nufi gabas ko birane, matasa kuma su tafi cirani, wato neman kuɗi a wata ƙasa har ruwa ya kusa sauka, wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas da abin da ke bayanta. Majami'u sun bi wannan tsari na ƙasa, domin a rani ne ake samun sararin ajin koyon karatu na manya, da koyarwar masu shirin baftisma, da tarurrukan zumuntar mata da na matasa. A bakin mutumin Tasawa, idan aka ce wane ya yi karatu, Alƙur'ani ake nufi da farko, sannan lakwal, wato makarantar gwamnati da aka daɗe ana koyarwa a cikinta da Faransanci. Majami'a ta kawo hanya ta uku, karatun Hausa da haruffan boko, ta yadda manomin da bai taɓa shiga aji ba yakan iya buɗe Linjila ya karanta wa iyalinsa da harshen da yake ciniki da shi a kasuwa. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a cikin littafin da ta wallafa a 2006 a kan Kiristocin bishara na Maraɗi, ta nuna cewa wannan dagewa a kan Hausa ta zo da farashinta, domin jinkirin da mishan ta SIM ta yi wajen buɗe ƙofar ilmin Faransanci ya jawo saɓani tsakaninta da masu bi waɗanda suke son 'ya'yansu su sami aikin gwamnati. Duk da haka, abin da ya tsira daga waccan dagewa abu ne mai daraja.

Littafi Mai Tsarkin da ake karantawa ɗin yana da tarihin da ya ratsa ta wannan yanki. A watan Janairun 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi amfani da sunan Abdulkarim a tafiyarsa, ya sauka Tasawa a kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano. Daga baya, a Borno, abokin tafiyarsa Adolf Overweg ya 'yanta wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan asalin ƙasar Damagaram wanda aka kama bauta, kuma bayan rasuwar Overweg a 1852 yaron ya bi Barth har Tumbutu, sannan ya bi shi Turai a 1855. A Ingila ya zauna tare da James Frederick Schön, ɗan mishan ɗin da ya fara koyon Hausa a bakin 'yantattun bayi kuma bai taɓa taka birnin Kano ko Katsina ba. Abin da Schön ya wallafa bayan haka, nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880, da Magana Hausa a 1885, ya jingina ƙwarai a kan abin da Dorugu ya faɗa masa. Ba daidai ba ne a kira wannan dangantaka abota ta tsara da tsara, domin ɗaya dattijo ne mai iko da alƙalami, ɗayan kuma saurayi ne da ke nesa da gida, wanda sunansa bai hau bangon littattafan ba. Amma gaskiya ce cewa rubutacciyar Hausar majami'a ta bunƙasa ne daga zaman mutum biyu, babba yana tambaya ƙarami yana amsawa, kuma babban ne ya ajiye girmansa ya zama ɗalibi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan aikin shekaru da likita Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi, kuma a lokacin mishan ta SIM ta riga ta kafu a Damagaram tun 1924, ta kuma buɗe tasha a Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi. Asibitin Galmi ya biyo baya a 1950, sannan makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agiye, a kan hanyar Maraɗi zuwa Tasawa, ta riƙa horar da fastoci da masu bishara da harshen Hausa.

Karatu a irin waɗannan majami'u da murya ake yinsa, kuma da wuya ya zama aikin mutum ɗaya a ɗaki. Wanda ya iya yakan karanta, sauran su saurara, wata tsohuwa da ba ta san harafi ko ɗaya ba ta gyara masa inda ya tsallake saboda ta haddace wurin tun shekaru talatin da suka wuce. Yau wayar hannu da katin ajiyarta sun shigo da karatun da aka naɗa, ana saurare a gona da bakin rijiya, amma wayar ba ta tsayawa ta ji ko mai sauraro ya gane. Babi na takwas na Ayyukan Manzanni ya ba da labarin wani babban ma'aikacin fadar Habasha da yake komawa gida daga Urushalima a cikin karusarsa yana karanta littafin annabi Ishaya, sai Filibus ya matso ya tambaye shi ko yana fahimtar abin da yake karantawa. Mutumin, duk da muƙaminsa na ma'ajin sarauniya, bai ɓoye rashin ganewarsa ba, ya gayyaci baƙon ya hau su zauna tare, ya kuma yi masa tambaya a kan wanda annabin yake nufi. Littafi yana hannunsa, ilmin karatu yana da shi, abin da ya rasa shi ne abokin zama, kuma labarin ya nuna cewa wannan rashi ya isa ya sa a aiko masa mutum har tsakiyar hamada.

A nan ne maganar karatu take haɗuwa da maganar abota. Hausawa sun bambanta aboki, wanda ake hira da tafiya tare da shi, da amini, wato wanda aka ba amana har ana gaya masa abin da ba a gaya wa ɗan'uwa na jini. Mai bi a ƙauyen da Kiristoci ba su wuce gida biyu ko uku ba, sau da yawa amininsa Musulmi ne, wanda suka yi kiwo tare suna yara, wanda ya riƙe masa kuɗi lokacin da ya tafi cirani, wanda yake aiko masa naman Layya shi kuma ya mayar masa da abincin Kirsimeti. Wannan abota ba ta bukatar a ɓoye bambancin addini, kuma waɗanda suka riƙe ta sun fi kowa sanin nauyinta. An gwada ta ƙwarai a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai bayan zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga, abin da Kiristocin Nijar ba su da hannu a cikinsa ko kaɗan. Tasawa tana kan babbar hanyar da ta haɗa Maraɗi da Damagaram, labari kuwa ba ya daɗewa a kan wannan hanya. A irin waɗannan kwanaki, maƙwabcin da ya tako ya yi sallama a ƙofar gida ya tambayi lafiyar yara ya yi aikin da ba wata takardar gwamnati da za ta iya yi.

Littafin Ayuba ya fi kowane littafi zurfafa bincike a kan abin da aboki yake iyawa da abin da ba ya iyawa. Da Elifaz da Bildad da Zofar suka ji masifar da ta auka wa Ayuba, suka taso daga garuruwansu suka zo suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce masa uffan. Duk wanda ya san zaman makoki a ƙasar Hausa ya san wannan hali, inda ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mai zuwa ya yi gajeriyar gaisuwar haƙuri ya nemi wuri ya zauna, kuma zaman nasa shi ne ta'aziyyar. Abokan Ayuba sun cika amana a cikin waɗannan kwanaki bakwai. Sun fara ɓata ta ne a lokacin da Ayuba ya buɗe baki ya la'anci ranar haihuwarsa ya shiga tambayar dalilin wahalarsa, domin tambayar ta tsorata su, suka ga dole su kare Allah, suka ɗora wa majinyacin laifin da bai yi ba don lissafinsu ya daidaita. Abin da suka faɗa ba duka ne ƙarya ba, da yawa daga cikinsa ana iya yin wa'azi da shi a ranar Lahadi. Kuskurensu shi ne sun kawo maganar kaka ga mutumin da yake tsakiyar fari.

Tsoron tambaya yana da saiwoyi biyu a wannan ƙasa, kuma ya kamata a raba su. Na farko shi ne kunya, wato tarbiyyar da ta hana yaro ya dubi idon babba ya ce masa don me, wadda take da kyau a wurare da yawa amma take iya rufe bakin mai neman sani har ya tsufa, duk da cewa karin maganar da kowa ya sani ya ce matambayi ba ya ɓata. Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Idan aka ce mutum ya yi tambaya, a wata ma'anar ana nufin ya bi malamai ko bokaye ya nemi asirin tsari ko na sa'a, kuma a ƙasar Mayahi da kewaye, inda bori da al'adun arna suka daɗe da kafuwa, majami'a ta yi ta gargaɗin masu bi su rabu da wannan hanya. Gargaɗin yana kan daidai a bisa koyarwarta, amma akwai haɗarin ya zarce iyakarsa, har mai bi ya ɗauka cewa duk wani neman dalili alamar raunin bangaskiya ce, ya haɗiye abin da yake damunsa. Tambayoyin da ake haɗiyewa kuwa ba na wasa ba ne. Uwar da zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke wa ɗa a tsakiyar marka, wato lokacin da ruwa ya fi yawa a watan Agusta, tana da tambaya. Saurayin da danginsa suka hana shi gadon gona saboda ya karɓi baftisma yana da tasa, haka magidancin da ya ba da gaskiya yana da mata biyu da 'ya'ya a kowane ɗaki, haka budurwar da ba ta ga mai bi ko ɗaya sa'anta a ƙauyuka biyar da ke kewaye ba. Idan majami'a ba ta ba su wurin faɗa ba, za su kai tambayar inda aka hana su zuwa, ko kuma su zauna da ita har ta zama ciwo.

Littafin da ke hannun fasto bai goyi bayan wannan tsoro ba. Zabura ta 13 da ta 22 da tambaya suka buɗe, kuma tambayar ƙorafi ce ga Allah kai tsaye. Annabi Habakuk da ita ya fara littafinsa, yana neman sanin dalilin da ya sa zalunci yake cin nasara. Luka ya nuna Yesu yana ɗan shekara goma sha biyu zaune a tsakiyar malamai a Haikali, yana saurarensu yana kuma yi musu tambayoyi. Labarin Toma ya fi dacewa da ƙaramar ikkilisiya, domin bayan ya ƙi yarda da shaidar sauran almajirai a kan tashin Almasihu, ba su kore shi ba, shi ma bai fice ba, ya ci gaba da zama a cikinsu mako guda cur da shakkarsa, kuma a cikin wannan taro ne amsar ta same shi. Makon nan yana da muhimmanci, saboda ya nuna cewa tambaya ma tana da nata lokaci, ba a girbe ta ranar da aka shuka ta, kuma aikin abokai a tsakani shi ne su bar wa mai ita wurin zamansa a kan tabarma. Makarantar da take horar da masu bishara za ta yi wa ƙauyukan Tasawa da Mayahi babban alheri idan ta koya wa ɗalibanta jure wa tambayar da ba su da amsarta a take, kamar yadda take koya musu tsara wa'azi.

A ƙarshen littafin Ayuba, daga babi na talatin da takwas, Allah ya yi magana daga cikin guguwa, kuma bai bayyana wa Ayuba dalilin wahalarsa ba. Tambayoyi ya jero masa a kan abubuwan da makiyayi da manomi suka sani da ido: wanda yake tsaga wa ruwan sama hanya har ya sauka a jejin da ba kowa, wanda ya saki jakin jeji, halin jimina da take barin ƙwanta a cikin yashi, da ƙarfin doki a fagen yaƙi. Bayan haka ya juya ga Elifaz ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansa da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda Ayuba ya yi, alhali Ayuba ne ya yi ta ƙorafi su kuwa suka yi ta kariya. Aka umarce su su ɗauki bijimai bakwai da raguna bakwai su koma wurin mutumin da suka zarga, shi ya yi musu addu'a, kuma littafin ya ce a lokacin da Ayuba ya yi wa abokan nasa addu'a ne aka mayar masa da abin da ya rasa.